Yadda za ka koma gudu bayan targaɗen hunturu ba tare da ka sake kwanciya ba

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, sai layin waɗanda muke fita sassarfa bayan sallar asuba ya fara raguwa. Wasu bargo ne ya riƙe su, waɗannan ba da su nake ba. Ina magana ne da wanda ya fito cikin duhu, hazo ya rufe hanya, jiki a ƙage, ya taka rami ko gefen kwalta ƙafa ta lanƙwashe. Ni ma haka ta same ni, a idon sawun dama, daidai inda ruwan damina ya zaizaye bakin titi. Kuma abin da ya kwantar da ni wata uku ba wannan faɗuwar ba ce. Komawar da na yi ce.

Da farko ka tabbatar ƙashi lafiya yake. Akwai wata ƙa'ida da likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fito da ita a 1992, har yanzu ana aiki da ita a asibitoci: in ba ka iya taka ƙafar ka yi taku huɗu ba, ko kuma in an danna bayan ƙashin idon sawu ko ƙarshensa ka ji zafi a kan ƙashin kansa, to a je a ɗauki hoto. In a Kano kake ga Asibitin Ƙashi na Dala, in ba nan ba duk babban asibiti yana yi. Na san kuɗin hoto ciwo ne, amma bai kai kuɗin ƙashin da ya haɗe a karkace ba. Ba ni da faɗa da masu ɗori, sai dai targaɗe jijiya ce ta tale ko ta yage, kuma abin da ya yage ba a gyara shi da ja da murɗawa. Wanda ya ja tawa ya yi da zuciya ɗaya, washegari ƙafar ta ninka kumburi.

Kwana biyu zuwa uku na farko, ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi, ban da tausa. A gida za a ce ka haukace, ana wannan sanyi kana neman ƙanƙara, ka bar su su faɗa. Ledar fiya wata guda biyu da suka daskare sun isa, ka naɗe a tsumma, ka ɗora minti 15, sau uku ko huɗu a yini. Ka ɗaure da bandeji mai talewa, kada ka matse har yatsu su yi sanyi, in ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi ta ɗara ƙirjinka. Bayan kwana ukun nan in kana son gashin ka yi.

Daga nan ka fara motsa ta. Kwanciya sati biyu cur ba ta warkar da targaɗe, sandarar da ƙafa kawai take yi. Kana zaune, ka riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, ka taka a hankali cikin gida gwargwadon yadda za ka iya ba tare da ɗingishi mai yawa ba. Ƙaramin targaɗe yakan lafa cikin sati ɗaya zuwa uku, matsakaici yakan ci sati uku zuwa shida, wanda jijiyar ta tsinke gaba ɗaya kuwa sai a yi watanni, kuma wannan aikin likita ne da masu gashin ƙashi na asibiti.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma ga inda na ga kusan kowa yana faɗuwa.

A rana ta goma sha biyu na tashi ban ji komai ba. Na taka, shiru. Na hau bene, shiru. Na ɗaura kambas na yi kilomita biyar da jama'a, ana ta yi mini barka. Bayan kwana takwas wani ɗan dutse da bai kai ƙwallon goruba ba ya sake juya ƙafar, a kan hanya miƙaƙƙiya, rana tsaka, ina kallonsa. A lokacin na ɗauka tsautsayi ne. Daga baya na gane akwai dalili. Jijiyoyin nan da ke riƙe idon sawu ba igiya ba ce kawai, su ne kuma suke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take a kan ƙasa, ta karkata ko ta miƙe. In suka yage, saƙon yakan riƙa isa a makare. Lafiyayyar ƙafa in ta taka dutse, tsoka ta riga ta gyara ta kafin ma ka san ka taka. Wadda ta yi targaɗe kuwa sai ta gama lanƙwashewa sannan gyaran ya zo. Zafi yana iya tafiya cikin sati biyu, amma wannan makarar tana nan sai an koya wa ƙafar aikinta daga farko. Shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa haɗarin sake yi, musamman a shekarar farko.

Don haka ni ba na barin kowa a cikinmu ya koma gudu don ya ce ya daina jin ciwo. Sai ya ci jarrabawa, kuma a gabana. Ka yi tafiya da sauri ta minti 30, sau uku a ranaku daban-daban, washegari da safe babu kumburi babu tsami. Ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, ido a rufe, daƙiƙa 30, ba ka dafa bango ba. Ka ɗaga dunduniya a kan ƙafa ɗaya sau 20 a jere, ka gwada da lafiyayyar ka ga ko sun yi kusa. Sai na ƙarshe, ka yi tsalle a kanta kamar mai wasan langa, sau 15 a wuri ɗaya, sannan gaba da baya, sannan gefe da gefe. Gudu ai langa ce, ana dai musanya ƙafa ne, to wanda langa ta gagara me zai je yi a titi? Akwai kuma gwaji biyu da kake yi kullum ba ka lura ba. In ka tsuguna yin alwala dunduniyar ƙafar tana ɗagewa ita kaɗai ta bar ƙasa, idon sawun bai saki ba tukuna. In kuma a zaman tahiya har yanzu kana gyara zama don ka kauce mata, to ita ma ta ba ka amsa.

Ranar da na fara gwada tsayuwar ido a rufe, bayan faɗuwa ta biyu, daƙiƙa shida na yi. A ƙafar hagu na wuce 40. Nan jikina ya yi sanyi, don da ƙafar daman nan na yi ta gudu kwana takwas.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Duk lokacin da za ka yi asuwaki ko buroshi, ka yi shi a tsaye a kan ƙafar. In ya zama wasa, ka rufe ido. In wannan ma ya zama wasa, ka hau kan matashi ko katifa. Robar motsa jiki da ake sayarwa a kanti ba dole ba ce, ka je wajen mai faci ya yanko maka robar cikin tayar babur, irin wadda ake ɗaure kaya da ita. Ka ɗaura ta a ƙafar gado, ka zura tafin ƙafarka, ka riƙa turawa waje, sau 15 zagaye uku. Wajen nan shi ne muhimmi, domin galibin targaɗe ciki ƙafa take lanƙwashewa, tsokar gefen waje ce ke hana ta. Ka haɗa da ɗaga dunduniya a bakin matakala. Sati biyu zuwa uku kana yi kullum za ka ga bambanci, kuma ko ka koma gudu ba a dainawa.

In ka ci jarrabawar, ka fita kai kaɗai. Wannan doka ce a wurina. Cikin jama'a kunya za ta sa ka bi sawunsu, wani zai ce haba Malam ai ka warke, shi ke nan an gama da kai. Ka bari gari ya waye sosai ka ga inda kake sa ƙafa, ka nemi filin makaranta ko filin ƙwallo mai dandaɓaɓɓiyar ƙasa. Ban da yashi mai zurfi, ban da gefen kwalta mai gangara. Minti goma na farko tafiya ce kawai har jiki ya ɗumama. Satin farko gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu, sau shida. Sati na biyu gudun minti biyu da tafiyar minti uku, na uku uku da biyu, na huɗu huɗu da ɗaya. Yau ka fita, gobe ka huta. Bayan wannan ka gwada minti 20 ba tsayawa.

Za ka ji abin ya yi maka kaɗan, numfashinka ko motsi bai yi ba. Kada wannan ya yaudare ka, zuciya da huhu suna riga jijiya da ƙashi dawowa. Alƙalin shi ne safiyar gobe. Ɗan tsami da ya wuce kafin awa 24 ba komai ba ne. In ka tashi da kumburi, ko zafin ya sa ka canza taku, ka koma matakin satin da ya wuce. Kada kuma ka sha diclofenac ko ibuprofen don ka samu ka yi gudu, kana toshe bakin mai gaya maka gaskiya ne, ga wahalar da suke ba ciki da ƙoda in jiki ba ruwa. Tiramol ba ma a kawo zancensa. In kuma ciwon naka a ƙwauri yake, wuri ɗaya da za ka iya rufewa da yatsa, yana ƙaruwa kana cikin gudu, ka tsaya ka ga likita, yana iya zama tsagewar ƙashi.

Sauran mai sauƙi ne. Ka ƙara nisa da kamar kashi ɗaya cikin goma a sati, nisa tukuna, sauri da hawan tudu daga baya. Ka juya takalminka ka duba ƙasansa, in dunduniyar ta cinye ta gefen waje ka rabu da shi. Takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci rabonsa kafin ya zo hannunka. A 'yan shekarun nan azumi yana shigowa ne hunturu na fita, to a watan ka riƙe inda kake kada ka ƙara komai, ka fita dab da shan ruwa ko bayan tarawihi. Wanda ya yi targaɗe a Janairu ya cire ransa daga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a Fabrairu. In lallai sai ka sa wata gasa a gaba, ta kilomita 10 ta Okpekpe a jihar Edo a watan Mayu take, lokacin ya fi yi maka daidai. In kuma kana da faso ka bi shi da man kaɗe da safa tun daga yau, don shi ma yana karkatar da taku.