Bukukuwan Kiɗa na Lokacin Zafi a Suwidin: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya sauka Suwidin a cikin hunturu yakan ɗauka mutanen ƙasar ba su da sakin fuska, domin kowa yana wucewa ne da sauri, kansa a sunkuye, gari kuma ya yi duhu tun ƙarfe uku na yamma. Daga watan Yuni zuwa Agusta sai al'amarin ya juye. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara, akasarinsu kuma a wannan lokaci suke ɗaukar mako huɗu a jere, rana takan kai wajen ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba a Stockholm, jama'a su fito fili. Bukukuwan kiɗa suna cikin manyan abubuwan da ke tara su, kuma ko mutum ba mai sha'awar kiɗa ba ne, zai ji ana ta maganarsu a wurin aiki lokacin shan kofi da suke kira fika.

Mafi shahara ga masu son kiɗan rok mai nauyi shi ne Sweden Rock, wanda ake yi a farkon Yuni a ƙauyen Norje kusa da Sölvesborg, can kudu. Ya samo asali ne a 1992, yanzu kuma yana tara mutane fiye da 30,000, da yawansu a tanti suke kwana. Baƙo zai ga dattawa masu furfura da dogon gashi, sanye da baƙaƙen riguna masu zanen ƙoƙon kai, har ya tsorata. Babu abin tsoro a ciki. Akwai malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan ofis a cikinsu, kuma za ka gan su sun jeru a layin abinci cikin natsuwa, ba mai tsallake wani.

A Göteborg akwai Way Out West, da ake yi a watan Agusta cikin lambun Slottsskogen tun 2007. Wani abu game da shi zai yi wa Musulmi daɗi: tun 2012 ba a sayar da nama a cikin filin, saboda haka babu fargabar naman alade. A sauran wurare sai a tambaya, domin tsiran alade abinci ne na yau da kullum a irin waɗannan taruka, kuma kalmar da za a kula da ita a jikin allon abinci ita ce fläsk.

Shawarata ga mai iyali, ko wanda bai riga ya tsaya da ƙafafunsa ba, ita ce ya fara da bukukuwan birane waɗanda shigarsu kyauta ce. Malmöfestivalen, wanda aka fara a 1985, yana ɗaukar kwana takwas a Agusta a tsakiyar birnin Malmö, da rumfunan abinci na ƙasashe daban-daban da wasannin yara. Stockholm ma tana da nata bikin al'adu a wannan wata. A irin waɗannan mutum yana iya zuwa da rana da 'ya'yansa, ya ga abin da ya gani, ya koma gida kafin masu shaye-shaye su yawaita. Tikitin manyan bukukuwa kuwa yana cin dubban krona, wato kuɗin ƙasar.

Yana da kyau a san sunayen wasu ƙungiyoyin mawaƙa, don kada a bar mutum a baya a hira. Abin lura shi ne yawancinsu daga ƙananan garuruwa suka fito: Europe daga Upplands Väsby, The Hives daga Fagersta, Sabaton daga Falun, Ghost daga Linköping. Amma wadda ta fi shiga ran 'yan ƙasar ita ce Kent ta garin Eskilstuna, domin da harshensu take waƙa. Ta yi wasan bankwana a Disambar 2016, sannan ta dawo ta yi 'yan wasanni a Stockholm a 2025. Mai koyon harshen zai amfana da sauraron waƙoƙinta fiye da na masu rerawa da Turanci. Wannan yalwar mawaƙa tana da dalili, wato kusan kowace ƙaramar hukuma tana da makarantar koyar da kiɗa da fasaha, kulturskola, inda yara ke koyo da kuɗi kaɗan. Ƙofarta a buɗe take ga yaran baƙi ma, sai dai a wasu garuruwa layin jira yana da tsawo, don haka a rubuta suna da wuri.

Batun da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na doka. An daina bikin Bråvalla na Norrköping bayan na 2017, duk da yana cikin mafi girma a ƙasar, saboda rahotannin fyaɗe da cin zarafin mata. A ranar 1 ga Yulin 2018 kuma dokar amincewa ta fara aiki, wadda ta ce duk wata mu'amalar jima'i da ba da yardar ɗayan ba laifi ce, ko da ba a yi amfani da ƙarfi ba. Taɓa jikin mace a cikin cunkoso ma laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, kuma yadda ta yi shiga ko rawar da take yi ba hujja ba ce. Haka nan tabar wiwi da sauran ƙwayoyi haramun ne a dokar ƙasar, har shan kansa ba sayarwa kaɗai ba. Ga wanda ke zaune da takardar izini, hukunci irin wannan yana iya shafar zamansa. Giya tana nan ko'ina, amma wanda ya ce ba ya sha ba a matsa masa.

Sauran shiri ba shi da wuya. Yawancin rumfuna ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko Swish, manhajar biyan kuɗi ta waya. A tafi da katin shaida, da rigar ruwa, da rigar sanyi ko da rana ta buɗe, domin dare yakan yi sanyi har a Yuli. A nemi abin toshe kunne, musamman ga yara. Ƙa'idar shiga da jaka ta sha canzawa tun 2023 saboda dalilan tsaro, don haka a duba sanarwar masu bikin kafin a bar gida. A duba jadawalin salla ma, tun da magariba takan faɗo daidai lokacin da manyan mawaƙa ke hawa dandamali, kuma ba a cika ware wurin salla ba. Lambar gaggawa ita ce 112.

Wanda yake son shiga amma kuɗin ya fi ƙarfinsa yana iya neman aikin sa-kai. Bukukuwa da dama suna ɗaukar masu duba tikiti da masu tsabtace fili, su ba su shiga kyauta da abinci a madadin 'yan sa'o'in aiki. Tun watanni kafin bikin ake buɗe neman, kuma yawanci sai wanda ya cika shekara 18.