Yadda Ake Zama Malamin Taekwondo a Sakkwato

Wanda ya kalli Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar yana karɓar lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ko Chika Chukwumerije na Najeriya yana karɓar ta tagulla a Beijin a 2008, ya san taekwondo ya daɗe da wuce zama wasan mutanen Koriya kaɗai. Abin da ba a cika gani ba shi ne malamin da ya tsaya a kan irin waɗannan 'yan wasa tun suna ƙanana. Wannan aiki ne da matashin Basakkwace zai iya mayarwa sana'a, muddin ya yarda cewa iya shuri daban, iya koyar da shi daban.

Mafari shi ne samun malami mai asali. Cibiyar Kukkiwon da aka kafa a birnin Seoul a 1972 ita ce ke ba da takardar shaidar baƙar ɗamara da duniya ta amince da ita, kuma kowace takarda tana da lambarta. Saboda haka ba rashin ladabi ba ne ɗalibi ya tambayi wanda zai koya masa a hannun wa ya yi karatu, da matakin da ya kai. Idan kana neman inda za ka fara tambaya, ka je filin wasa na Giginya ko hukumar wasanni ta jiha. A hannun wannan malami za ka bi ɗamarori masu launi ɗaya bayan ɗaya, kana haddace jerin motsi takwas da ake kira Taegeuk, har ka kai ga jarrabawar baƙar ɗamara. Wanda bai cika shekara 15 ba matakin yara ake ba shi, mai suna poom.

A nan ne matasa da yawa suke tuntuɓe, domin ranar da suka ɗaura baƙar ɗamara sai su fara neman ɗakin da za su buɗe makaranta. A tsarin Kukkiwon, baƙar ɗamara tana da matakai da ake kira dan, kuma daga dan na ɗaya zuwa na biyu ana jiran aƙalla shekara ɗaya, zuwa na uku shekara biyu, zuwa na huɗu shekara uku, kuma sai a na huɗun nan ake kallon mutum a matsayin cikakken malami. Wato shekara shida ke nan mafi ƙaranci, kuma a ganina ko kwana ɗaya daga cikinsu ba ɓata lokaci ba ne. Ɗan koyo a maƙera yakan daɗe yana zuga kafin a miƙa masa masaba. Ka yi waɗannan shekaru a matsayin mataimaki. Ka roƙi malaminka ya ba ka 'yan farar ɗamara, waɗanda ba su san dama da hagu ba idan an ce su juya, domin su ne za su koya maka koyarwa. Yaro ɗan shekara bakwai zai ɗaga ƙafa ya yi shuri na gaba da yatsunsa a miƙe, kuma idan ka tsaya kana yi masa dogon bayani ba zai fahimta ba. Sai ka durƙusa, ka kama ƙafar da hannunka, ka lanƙwasa yatsun sama, ka danna masa tudun da ke ƙarƙashinsu ka ce, "Da nan ake bugu." Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka bar sauran zuwa gobe. Malamin da ke amfani da bulala ko zagi yana samun yara masu tsoro, kuma mai tsoro rufe ido yake yi idan shuri ya taso masa.

Takardu ma suna da muhimmanci, musamman ga mai son aiki da makarantu ko gwamnati. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da masu horarwa, kuma rajista da hukumar taekwondo ta Najeriya ta hannun reshen jiha ita ce ke ba ɗalibanka damar shiga gasa. Amma horon da ba zan yarda kowa ya buɗe aji ba tare da shi ba shi ne na taimakon gaggawa, irin wanda ƙungiyar Red Cross ke bayarwa. Dole ka iya tsayar da haɓo, ka bambanta targaɗe da karaya, kuma ka san cewa yaron da aka buga a ka ya yi jiri ko amai ya gama atisaye a wannan rana, asibiti za a kai shi ko da ya rantse ya warware.

Yanayin Sakkwato shi zai tsara maka jadawali. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka atisaye sai bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, da hutun shan ruwa akai-akai ba sai yaro ya roƙa ba. Da hunturu kuwa ƙura da faso ne matsala: diddigen da ya tsage yakan buɗe ya yi jini a kan siminti, saboda haka ka riƙa duba ƙafafun yara kafin a fara, ka sa su shafa man kaɗanya da dare. A watan azumi ka rage gudu da faɗa, ka mayar da hankali kan jerin motsi, ko ka mayar da aji bayan sallar asham. Idan kuɗin katifun wasa ba su samu ba, ƙasa mai yashi da aka share ta fi siminti sauƙi ga gwiwa.

Sai batun iyaye, wanda ya fi kowane wuya. Kafin ka tara yaran unguwa, ko a Mabera ne ko a Runjin Sambo, ka je ka gaishe da mai unguwa da limami ka gaya musu abin da za ka yi. Uba zai tambaye ka ko ba dabanci za ka koya wa ɗansa ba, kuma amsar da ta fi gamsarwa ita ce ka ce, "Alhaji, ka zo ka zauna ka gani da idonka," sannan ka kafa doka cewa duk wanda ya yi faɗa a waje za a dakatar da shi. Wani zai tayar da maganar sunkuyawar da ake yi wajen gaisuwa, domin tana kama da ruku'u. Kada ka yi musu a kan wannan. Ka nemi fatawar malamai, kuma a cikin ajinka babu abin da zai ragu idan yara suka miƙe tsaye suka ɗora hannu a ƙirji. Game da 'yan mata, dokar gasa ta yarda da ɗan kwali a ƙarƙashin hular kariya, kuma Hedaya Malak ta Masar da shi ta ci tagulla a Rio. Ka ware musu lokacinsu, ka samo mace mataimakiya, kuma kada ka keɓe da ɗalibi ko ɗaliba a rufaffen ɗaki.

Kuɗin wata na yaran unguwa da wuya ya riƙe gida a shekarun farko, shi ya sa ya kamata ka haɗa da koyarwa a makarantu masu zaman kansu, ko ka riƙe wata sana'ar da rana. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne sayar da ɗamara, ko da uban yaro ya matsa, domin ranar gasa kowa zai gane. Ka buɗe littafi ka rubuta sunan kowane ɗalibi, da ranar da ya fara, da jarrabawar da ya ci, da ciwon da ya taɓa ji, da lambar wayar mahaifinsa, kuma ka ajiye shi a cikin jakar da kake zuwa fili da ita tare da bandeji da audugar wanke ciwo.