Yadda za ka ji gaskiyar ra'ayin 'yan kallo a kan fim ɗinka na ɗaukar fansa kafin ka sake shi

Idan kai ne ka harhaɗa 'yan kuɗaɗenka, ka ari kamara, ka tara abokai kuka tafi gindin dutsen Kufena ko wani kango a Tudun Jukun nan Zariya kuka ɗauki fim ɗin ramuwar gayya, irin wanda aka kashe wa akta ƙaninsa, ya kai ƙara ba a yi komai ba, shi kuma ya rantse sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, to kafin ka ɗora shi a YouTube akwai sauran aiki a gabanka, wato jin abin da 'yan kallo za su ce. Kuma nan ne gizo ke saƙar, don Bazazzagi ba zai kalli tsabar idonka ya ce fim ɗinka bai yi ba. Zai ce "kai masha Allah, an yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira", sai ka juya baya ya je majalisa ya ba da labarin yadda bindigar bos ta lanƙwashe a hannunsa. Kunya ce da kara, ba mugunta ba ce, amma kai ba za ta amfane ka da komai ba. Saboda haka dabarar gaba ɗaya ita ce ka rage sauraron baki, ka koma kallon abin da jikin mutane ke yi.

Fara da waɗanda za ka gayyata. Duk wanda ya fito a fim ɗin, ko da wucewa kawai ya yi da tire a ka, cire shi. Ƙannenka da abokan ajinku su ma haka. Mutum 15 zuwa 20 sun isa, amma a gauraya su: 'yan gidan kallo na Sabon Gari ko Tudun Wada waɗanda suka ƙoshi da fassarar Indiya-Hausa har suna iya faɗa maka ƙarshen fim tun daga sin na uku, da ɗaya daga cikin masu tura fina-finai a waya na wajen PZ, don shi ya san abin da mutane ke zuwa su tambaya da kuɗinsu, sai dattijo ɗaya ko malami wanda ba ya jin nauyinka. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na sashen wasan kwaikwayo a Samaru suna da amfani sosai, amma ɗauki ɗaya ko biyu kawai, idan suka yi yawa zaman zai koma lakca a kan haske da kusurwar kamara, sauran kuma su yi tsit don kar a ce ba su waye ba. Mata kuwa kar ka ce za ka kawo su gidan kallo, ba za su zo ba, in ma sun zo ba za su sake ba. Tura wa yayarka ko matar yayanka a waya ta kalla da ƙawayenta a gida, daga baya ka ce "Yaya don Allah me suka ce, kar ki rage min komai".

Wuri ba wahala. Yi magana da mai gidan kallon ƙwallo a ranar da ba wasa, ka guji daren Talata da Laraba lokacin Champions League, ka sayi man janareto da kanka don kar NEPA ta yanke ku a tsakiyar faɗa. A fara bayan La'asar da wuri ko bayan Isha'i yadda sallah ba za ta raba kallon biyu ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Kar ka tsaya gaba kana jawabi kana ba da haƙuri wai kuɗi ne babu, da ka yi haka ka gama saye bakinsu. Mafi kyau ma wani ya kunna ya ce fim ɗin wasu yara ne aka ba shi ya gwada, kai kuma ka koma can baya kusa da ƙofa da ɗan littafi da agogon waya. Abin da za ka rubuta minti ne kawai da abin da ya faru. Minti na 12 mutum huɗu sun ciro waya, ka ga hasken sikirin a fuskokinsu. Minti na 26 an yi dariya a wurin da uwar akta take kuka, wanda ke nufin ko kukan bai yi ba ko kiɗan da aka sa ya ɓata shi. Minti na 40 wani ya miƙe daga benci yana cewa "ga shi nan bayanka, juyo mana!" To wannan sin ɗin kar edita ya taɓa shi ko da sakan ɗaya. Wanda ya fita fitsari ya dawo da sauri yana tambayar me ya faru, alama ce mai kyau. Wanda ya fita ya tsaya sayen rake a waje, ka san abin da ya faɗa maka ke nan.

Bayan an gama kar a tambayi kowa "ya ka ga fim ɗin?" don amsar ka riga ka san ta. A ware su ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, wani abokinka mai sakin fuska ya yi tambayar. Ba ni labarin fim ɗin kamar ban gani ba. Me bos ya yi wa akta tun farko? Wa ka fi tsana? A ina da a wayarka ne za ka tura gaba? Wa za ka tura wa shi yau da daddare? Ta farkon nan ita ce mai tona asiri, idan mutum uku suka ba da labari iri uku, ko aka rasa wanda ya gane cewa mai gemun nan yayan wanda aka kashe a kasuwa ne, to labarinka bai fita ba, kuma laifin ba na masu kallo ba ne.

Sai tacewa, don ba kowane ƙorafi ne za ka ɗauka ba. Akwai ƙorafin kuɗi: ba a fasa mota ba, jinin ya yi kama da zoɓo, bindiga ta roba ce. Wannan ba ka da maganinsa sai dabara, a yanke sin ɗin kafin ido ya zauna a kan bindigar, a bar duka ya faru a bayan ƙyaure a ji ƙara kawai. Ƙaramin kasafi bai taɓa hana fim ɗin faɗa karɓuwa ba, El Mariachi da Robert Rodriguez ya ɗauka a Meziko ya fita a 1992, kuɗin ɗaukarsa wajen dala 7,000 ne, kuma yawan yanke-yanke da saurin hoto ne suka rufa masa asiri. Amma idan ƙorafin na sauti ne, wannan kam tsaya ka gyara ko da za ka sake kiran 'yan wasa su maimaita maganarsu a ɗaki. Mutanenmu za su yafe hoto mai duhu, ba za su yafe maganar da iskar hunturu ko ƙarar babur ta cinye ba, kuma galibinsu a sifikar waya za su ji, don haka kai ma gwada shi a ƙaramar waya a bakin titin Kwangila ka ji ko ana gane kalma.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne ko 'yan kallo sun yarda zaluncin ya kai a rama. Fim ɗin fansa bashi ne, a farko kake ɗora wa bos shi a ƙarshe akta ya karɓo, idan mutane ba su ji zafin abin da aka yi ba to duk kisan da zai biyo baya zai zama akta ne kawai ɗan daba. Shi ya sa tambayar wa ka fi tsana take da muhimmanci. Idan aka ce maka "ni fa bos ɗin ya fi burge ni", ko aka yi shiru ana tunani, koma kan mintuna 15 na farko. Sau da yawa ba ƙarin jini ake buƙata ba, a ga ƙanin nan da rai ne tukuna, yana tsokanar yayansa, yana karɓar kuɗin makaranta, yadda in an rasa shi mai kallo ma zai ji an yi masa rashi.

Sannan ka shirya wa muhawarar ɗaukar doka a hannu, don za ta taso dole. Nan ba Amurka ba ce da ake kallon irin wannan a matsayin nishaɗi kawai. Giwa tana nan kusa da mu, Birnin Gwari ma jiharmu ce, a cikin mutum 20 ɗin da ka tara da wuya a rasa wanda aka taɓa sace wani nasa ko aka haɗa kuɗin fansa da shi. Wani zai ce akta ya yi daidai, da ma a bar shi ya tafi abinsa. Malam zai ce a'a, ƙisasi hukuma ce ke tsayar da shi, ba kowa ya ɗauki adda ba, kuma kowa ya ga yadda aikin 'yan sa-kai a wasu wurare ya koma ramuwa a kan ramuwa. Kar ka ƙirga hannu ka bi masu rinjaye. In dai suna ta musu har bakin mai shayi, fim ɗin ya yi aiki. Ni a ganina ma ƙarshen nan da aka saba, 'yan sanda su faɗo daga sama a minti na ƙarshe a yi wa'azi a tashi, ya fi komai kashe fim, gara a nuna abin da fansar ta ci wa akta shi kansa. Amma akwai magana biyu da ko mutum ɗaya ne ya faɗe su sai ka saurara: idan aka ce duk miyagun fim ɗin shigarsu da harshensu na ƙabila ɗaya ne, ko aka ce akta ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba kuma fim ɗin ya wuce kamar ba komai. Waɗannan gyara su kafin su fita, don in sun fita ba ka da iko da inda za a yanko sin ɗin a yaɗa.

Ka kuma tuna akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, da aka kafa a 1993, ita ke sa wa fim shekarun masu kallo irin 15 ko 18, kuma in kana son kai shi kasuwar Kano can ma suna da tasu hukumar tun 2001. YouTube shi ma yana iya rage talla ko ya sa iyakar shekaru a bidiyon da jini ya yi yawa, to sin ɗin yankan nan da kake ji da shi zai iya zama shi ne zai hana ka kuɗin.

Bayan ka saki fim ɗin, ra'ayin ranar farko kusan duk na 'yan'uwa ne da masu "muna tare oga", sai 'yan adawa biyu da ba su ma kalla ba. Kar ka biye wa kowa da faɗa. Sholay na Indiya ma da ya fita a 1975 masu sharhi sun kushe shi, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi, sai daga baya labarin baki da baki ya ɗaga shi. Ba shi kamar sati biyu, sannan ka shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke ganin bayanan bidiyonsa, ka duba layin nan da ke nuna inda mutane suke tsayawa da inda suke guduwa. Tun ƙarshen 2021 jama'a ba sa ganin adadin waɗanda suka danna ba su so ba, amma kai mai tasha kana gani a can ciki. Ɗauko ɗan littafinka na gidan kallo ka ajiye kusa da layin, ka duba ko inda ya faɗi ya zo daidai da mintin da aka ciro waya. In ya zo daidai, mutanen da ka tara sun iya kallo, karɓi lambobinsu ka sake kiran su a fim na gaba. In bai zo ba, canza rabinsu.