Kurakuran da ake yi wajen wayar da kan iyaye game da abincin leda da na kwali

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu faɗakarwa, a ɗakin awo ko ranar rigakafi, shi ne yi wa duk abincin kamfani kuɗin goro. Tsarin NOVA, wanda Carlos Monteiro da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo a Brazil suka fito da shi, ya kasa abinci gida huɗu, kuma na huɗun ne abin damuwa: lemon kwalba, biskit, alawa, taliyar leda mai saurin dahuwa, yogot mai zaƙi da kala. Madarar gari zalla, man gyaɗa da kifin gwangwani ba sa ciki. A koya wa uwa ta juya bayan leda: in ta ga sunayen abubuwan da babu su a madafinta, irin su kala, ƙamshin haɗi da sinadarin ƙara kauri, to yana cikin na huɗun. A kuma faɗa mata ƙarara cewa abincin gyaɗa na leda da asibiti ke bai wa yaro mai tamowa magani ne, kada jin wannan darasi ya sa ta daina ba shi.

Sai yawan ambaton giram. Babu wanda ke auna giram a gida. A zo da kwalbar lemo mai santilita 35, da sukari, da cokalin shayi. Irin wannan kwalba takan ɗauki sukari giram 35 ko fiye, cokali ɗaya kuwa kusan giram 4 ne, don haka a zuba cokali tara a kofin gilas kowa ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 abin sha mai sukari ko kaɗan. Masu iya karatu a nuna musu cewa adadin da ke jikin kwali sau da yawa na mililita 100 ne, ba na kwalin duka ba, kuma abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, shaida ce ta rajista, ba ta ce abin zai gina jikin yaro ba.

Hani ba tare da madadi ba, nan ne yawancin darussa ke mutuwa. Matar da ke dafa indomi da safe ba jahila ba ce. Minti biyar take da shi kafin a tafi makaranta, ga tsadar gawayi da gas. In ba a ba ta abin da zai dahu da irin wannan sauri ba, za ta ce "to" ta koma gidan jiya. A koya mata garin kunu na ajiya: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko fumfuna a zubar, domin gubarta na cutar da hanta. A soya kowanne daban, waken soyan ya soyu sosai a cire ɓawonsa, in ba haka ba kunun zai yi gafi ya kumbura ciki. A niƙa tare, a bar shi ya huce, a rufe a mazubi busasshe. Kunun ya yi kaurin da ba zai tsiyaye daga cokali ba, don tsararo ruwa kawai yake cika wa yaro ciki. Ranar da ba makawa sai an dafa indomi, a sa rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, gishirin a nan yake, a fasa ƙwai, a yanka alayyafo. Don makaranta kuwa akwai dafaffen ƙwai, dankalin Hausa, ayaba, ƙosai da awara. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya dai a jira sai yaro ya kai shekara 5, saboda shaƙewa.

Ana kuma tara iyaye mata kaɗai, alhali tsarabar biskit da yamma daga aljihun maigida take fitowa, kuɗin tara ma haka, kaka kuma ba ta iya ganin jika na kuka. A nemi maza inda suke taruwa, a roƙe su su mayar da tsarabar ta zama lemon zaƙi, gwanda ko kankana.

Wasu na ɗauka duk abin da aka yi a gida ya tsira. Zoɓo ko kunun zaƙin da aka cika wa sukari yana cin haƙori kamar lemon kwalba. Zuma ma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, kuma ba a sa masa gishiri ko dunƙule a abinci.

Tsoratarwa ita ma kuskure ce. Wanda ya ce biskit guba ne, uwa ta dubi ɗanta yana wasa lafiya lau, ya zubar da sauran maganarsa. Gwajin da mai bincike Kevin Hall ya yi a Amurka a 2019, inda masu cin abincin kamfani irin na huɗun nan suka riƙa ƙara kusan kalori 500 (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) a rana a kan abin da suke ci in an ba su abincin da ba a sarrafa ba, a kan manya 20 aka yi shi, ba yara ba. A tsaya kan abin da uwa za ta gani da idonta: ruɓewar haƙori, da yaron da ya ƙoshi da zaƙi ya ture tuwo. In ya ƙi faten wake yau, a sake kawo masa kaɗan bayan kwana biyu ba tare da ɗure ba. Yaro kan ɗanɗana sabon abinci sau takwas zuwa goma kafin ya karɓe shi.