Yadda ake tantance takardar sabon aiki a manhaja kafin a zauna tsara shi

Sababbin masu rubuta manhaja da dama, da an miƙo musu takardar da ke bayyana abin da za a ƙara wa manhaja, sai su hau lissafin kwanakin da zai ci. Can aiki ya yi nisa sai a gane kowa da yadda ya fahimci takardar. Kafin a raba aiki, a bi ta da kyau tukuna.

Fara da jan layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta aunuwa, irin su "da sauri", "cikin sauƙi", "mai tsaro". Ka mayar wa wanda ya rubuta ya sa lamba. Shafin zai buɗe cikin daƙiƙa nawa, a kan wace irin waya, da wane irin netwok? Ni ba na karɓar takarda da kalmar "da sauransu" a ciki, domin nan ne ake ɓoye rabin aikin.

Sai ma'auni. In akwai kuɗi, a rubuta ƙarara naira ne ko kobo. Paystack, kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi ta intanet, da kobo yake karɓar adadi, don haka wanda ya tura 500 da nufin naira ɗari biyar, naira biyar kacal za a caji mai saye.

Inda aka fi faɗuwa shi ne abin da zai faru idan abu bai tafi daidai ba. Yawancin takardu hanyar nasara kawai suke bayyanawa: mutum ya danna "Biya", kuɗi ya fita, saƙo ya iso. To, idan intanet ta yanke bayan ya danna, kafin amsa ta dawo fa? Yana kallon da'irar nan tana ta juyawa, haƙurinsa ya ƙare, ya sake dannawa. Sau biyu za a cire masa? Idan lambar tabbatarwa ta iso bayan wa'adinta ya wuce, me allon zai nuna masa? Idan ya yi kuskuren lambar sirri, sau nawa za a bari kafin a rufe, wa kuma zai buɗe? Kowane mataki ka tambaye shi haka, amsar kuma ta shiga takarda a rubuce. Amsar baki a wajen taro ba ta ƙirguwa. Gyaran jimla ɗaya yanzu ba ya cin komai, amma mayar wa mutane kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya yana cinye ranakun ma'aikata.

Daga nan ka ba mai gwajin manhaja takardar, kada ka yi masa bayanin komai. Duk buƙatar da ya kasa fitar mata da gwaji mai amsar "ta yi" ko "ba ta yi ba", ba ta kammalu ba, a sake rubuta ta.

A ƙara ɗan sashe na abin da ba za a taɓa ba a wannan zagaye, a jera tambayoyin da suka rage da sunan mai amsa kowace. In da wadda amsarta za ta iya sauya tsarin ma'ajiyar bayanai, a ɗage zaman tsara aiki har sai an samo ta.