Yadda za ka ja tirela da a-kori-kura otomatik ba tare da ka dafa giyabos ba

Idan na ce tirela, ƙaramar nan nake nufi mai taya biyu ko huɗu da ake ɗaurawa a gindin Hilux, a aza mata tankin ruwa, ko janareto, ko injin casar shinkafa, ko doki idan za a kai shi hawan sallah wani gari. Na sha ganin direbobi, wasunsu sun fi ni daɗewa a kan sitiyari, sun ɗaura irin wannan kaya sun jefa giya a D sun kama hanya, kamar motar ba ta jan komai. Ni ma na yi. Sai da na ƙona giyabos guda kafin na koyi abin da zan faɗa a nan, kuma kuɗin da na biya na sayi na tokumbo, har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Ɗaura ƙugiya da sarƙa da haɗa wayar fitila ba zan tsaya a kansu ba. Wanda bai iya waɗannan ba, kada ma ya fito da tirela daga gida.

Mataki na farko, ka san nauyin abin da za ka ja, a ƙididdige, ba da ido ba. Ruwa lita 1,000 tan guda ne cif, ban da tankin da ƙarfen tirelar. Ƙa'idar Hilux kilo 750 ce idan tirelar ba ta da birkin kanta. Idan tana da shi, wasu sababbin samfuran na kaiwa kilo 3,500. Yawancin tirelolin da na gani masu walda sun ƙera babu birki a jikinsu, to kai ka yi lissafin tankin ruwanka. Ka kuma jera kayan yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiya. Idan nauyi ya koma baya tirela za ta riƙa rawa da gindin mota, kuma babu giyar da ke maganin wannan.

Na biyu, ka fahimci mene ne O/D, wato overdrive. Ita ce giyar sama, wadda farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ke juyawa da sauri fiye da inji. A tsohuwar Hilux mai giya huɗu, giya ta uku ɗaya da ɗaya ce, inji ya juya sau ɗaya farfela ta juya sau ɗaya. A ta huɗu kuwa, inji ya juya sau bakwai farfela ta juya wajen sau goma. Shi ya sa mota ke yin shiru a doguwar hanya, mai kuma ya yi auki. Amma abin da ka samu a gudu ka rasa shi a ƙarfin ja. Giyar hutu ce, an yi ta don mota mara lodi a shimfiɗaɗɗiyar kwalta.

Kowace mota da yadda ake hana ta shiga wannan giya, kuma a nan sababbin direbobi suka fi ruɗewa. Idan taka mai ɗan maɓalli ce a jikin sandar giya, ka danna shi, rubutun O/D OFF zai kama a dashbod. Kamawar rubutun na nufin an kashe giyar sama. Na taɓa ganin wani yaro ya ga fitilar ta kama, ya ɗauka matsala ce, ya yi maza ya sake dannawa ta mutu, ya ci gaba da tafiya yana murna. Idan babu maɓalli, sandar na da D, 3, 2, L, sai ka tura ta 3. Mai giya biyar tana da D, 4, 3, 2, L, ita 4 za ka sa. Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2015 giya shida gare ta, kuma biyu na sama, ta biyar da ta shida, duk O/D ne. Ka tura sandar gefe zuwa S, ka tabbata dashbod ya nuna 4. Wannan lambar iyaka ce kawai, motar za ta ci gaba da sauya giya da kanta daga ɗaya zuwa huɗu, sai dai ba za ta wuce nan ba.

Manyan na Amurka da ke shigo mana tokumbo, su Tundra da F-150 da Silverado, suna da maɓallin TOW/HAUL. Da zarar ka ɗaura kaya mai nauyi ka danna shi, babu wani dogon tunani. Yana sa mota ta daɗe a kowace giya kafin ta hau ta gaba, a gangara kuma ta sauko da giya da kanta idan ka taɓa birki. Kada ka haɗa shi da maɓallin PWR na Toyota. Shi PWR jinkirta sauyin giya kawai yake yi, ba ya rufe ta sama. A motoci da yawa kuma, idan ka kashe inji a gidan mai, waɗannan maɓallan suna komawa yadda suke tun farko. Ka sake dubawa duk lokacin da ka tayar da mota.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma nan ne zan daɗe.

Ba dole ba ne kowace tirela ta sa ka kashe O/D. Idan kayan ba su da nauyi, hanya a miƙe, mota ta hau giyar sama ta zauna a cikinta daram, ka bar ta, man da za ka rage naka ne. Abin tsoro shi ne motar da ta kasa zama wuri ɗaya. Ta hau ta huɗu, ta ji nauyi, ta sauko ta uku, ta ɗan samu gudu, ta sake hawa, bayan ɗan tudu ta sake saukowa. Za ka gani a agogon juyin inji, allurar na hawa tana sauka alhali ƙafarka ba ta motsa a kan totur ba. Kunne ma na ji, idan ka rage rediyo.

Dalilin da ya sa wannan kai-komo ke kashe giyabos shi ne zafi. Tsakanin inji da giyabos na otomatik akwai kwanbata, wadda kamar fanka biyu ce suna fuskantar juna a cikin mai, ɗaya na kaɗa man, man na tura ɗayar. Idan mota ta daidaita a gudu, wani ɗan kuloci a ciki yana kulle su su zama abu ɗaya, zafi ya ragu. Duk sauyin giya sai wannan kulli ya saki, mai ya koma ɗaukar nauyin duka yana ta kaɗuwa, faiba kuma, wato faya-fayan kulocin cikin giyabos, na gogar juna kafin su kama. Sau ɗaya ko biyu ba komai. Sau ɗari a cikin awa guda, ga tan biyu a baya, man da ya saba zama tsakanin digiri 80 da 95 sai ya haura 120, daga nan kuma lalacewarsa ba ta ɗaukar lokaci. Ka tuna a yawancin motocin nan ta cikin lagireto man giya ke bi ya huce. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, lagireton ma da kansa yake.

Ni janareto na ɗauko daga Akwanga zan kai Jos, a irin wannan lokaci na bazara. Duk tunanina yana kan Hawan Kibo, na ce idan na iso gindinsa zan sauke giya. Ashe ƙananan tuddan da ke kafin nan su suka gama da ni. Motar na ta hawa da sauka tsakanin uku da huɗu, ni kuwa ina jin daɗin wai ina tattalin mai. Ban kai rabin hawan ba fitilar A/T OIL TEMP, ta zafin man giya, ta kama, ga wani ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Na ƙara kuskure na biyu, na tsaya na kashe inji nan take. Da bakanike ya zare sandar awon mai ya shinshina, bai ko kalle ni ba ya ce, "Oga, a D ka taho tun daga Akwanga?" Na ce e. Ya ce, "Ai ka dafa ta." Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kalar shayin da ya kwana.

Dokata tun daga ranar ita ce, idan mota ta sauya tsakanin giya biyu na sama sau uku a cikin 'yan mintuna, na rufe ta saman, kuma ba na buɗewa sai hanya ta miƙe sosai. Idan a kan hawa ta koma yin haka tsakanin biyu da uku, na ja sandar zuwa 2 na haƙura da gudu. Wasu na cewa sau uku ya yi kaɗan. Su suka sani, ni na biya kuɗin makaranta.

Abin da ke hana mutane kashe O/D shi ne ƙarar inji. Allurar da ke kan 2,000 za ta tashi zuwa wajen 2,800 a gudu iri ɗaya, sai direba ya ji kamar yana zaluntar mota. Ba ka zalunce ta ba. Muddin allura ba ta kusanci jan layi ba, inji ya fi son ya juya a sake da a danne shi a giyar sama yana nishi. Famfon ruwa da famfon man giya ma sun fi zagayawa da kyau a haka. Mai zai ƙaru kaɗan, gaskiya ne, kuma da tsadar mai ta yanzu na san ba ƙaramar magana ba ce. Hanyar rage wannan ita ce ka rage gudu. Ni da tirela ba na wuce 80, kowa ya matsa hon ya wuce. Idan motarka na da na'urar riƙe gudu da kanta, kashe ta a wurin tuddai, don ita ba ta ganin hawa na zuwa, sai ta shiga ciki sannan ta danna totur da ƙarfi.

Akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake soka wa a ramin kwamfutar mota ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta nuna zafin man giya. Ba kowace manhaja ke karanta na Toyota ba sai an saita ta, amma idan jan kaya sana'arka ce, ta biya kuɗinta. Haka ƙaramin lagireto na musamman don man giya, wanda ake ɗaurawa a gaban babban.

Idan fitilar zafin ta riga ta kama, ka sauka gefen hanya, ka sa P, ka ja birkin hannu, ka bar inji yana aiki har fitilar ta mutu. Inji ne ke juya famfon da ke kai man ya huce. Idan ka kashe shi, man zai tsaya cik a cikin zafinsa.

Gangara kuma, giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Ka sauke ta tun kana saman tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, don idan gudun ya yi yawa sababbin motoci ƙin karɓar giyar suke yi, su yi maka ƙara kawai. Birki ka taka shi da ɗan ƙarfi ka saki ya sha iska, kada ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Sakin mota a N da tirela a baya kuwa, wannan neman mutuwa ne, kuma man da ake cewa ana ragewa bai kai na shayi ba.

Mai manuwal aikinsa ya fi sauƙi: ta biyar ita ce O/D ɗinsa, ya ja kaya mai nauyi a ta huɗu, kada kuma ya riƙe mota da kuloci a kan hawa. Giyar ƙafa huɗu ta 4L ka sa ta wajen fita daga yashi ko laka ko tashi a kan tudu mai tsauri na gona, ka cire da ka hau busasshiyar kwalta. Ribas da tirela a hankali ma yana zafafa mai, tunda babu iskar da ke bugun lagireto, don haka idan ka yi ta gwadawa bai shiga ba, ka ɗan huta. Man giya ka canza shi da wuri fiye da na motar da ba ta jan kaya, kuma ka sa irin wanda littafin motar ya ce. Giyabos ɗin Toyota mai shan man giya samfurin WS kada a zuba masa samfurin Dexron don mai shago ya ce duk ja ne. Sababbin ba su da sandar awo, sai an ɗaga mota an buɗe ta ƙasa, don haka ka tsaya a wurin ka ga kalar man da idonka.