Darasi na 7: Rak da finiyon, karfen da ke maida juyi ya zama tafiya

To jama'a, yau a bakin get za mu fara. In ka samu get din nan da ake danna rimot ya bude da kansa, dan durkusa ka leka kasa, za ka ga wani dogon karfe mai hakora an daure shi jikin get din tun daga wannan kai har wancan, sunansa rak. Dan kewayayyen karfe mai hakora da ke bakin injin kuma shi ne finiyon. Shi yana nan wuri daya yana ta juyi, hakoransa na shiga na rak suna tura shi, get ya tafi. Shi ke nan fa, ba wani siddabaru.

Irinsa ne a sitiyarin yawancin kananan motoci, da hannun injin huda karfe, da manyan injinan CNC, wato wadanda kwamfuta ke sarrafawa, na masana'antu masu yanka falankin karfe. Masu kera injina suna sonsa ne don in tafiyar da nisa sai kawai a jona rak da rak, tsawon bai dame shi ba.

Yanzu lissafi, kar wanda ya tsorata. Girman hakori ana ce masa modul. Ka ninka modul da 3.14, abin da ya fito shi ne nisan hakori zuwa hakori. Modul 4, wanda aka fi sa wa get, ya ba mu milimita 12.56 kenan. In finiyon na da hakora 15, juyi daya zai tura rak wajen milimita 188, get mai mita 4 kuwa sai ya juya sau 21 da 'yan kai.

Inda masu walda da yawa ke tafka kuskure shi ne su dora rak ya zauna dabas a kan finiyon, nauyin get duk ya koma kan injin maimakon tayoyi, ba a jimawa hakora sun cinye. A bar tazarar milimita 1 zuwa 2. Kuma modul din biyun dole ya zo daya, in ba haka ba ko kusa ba za su ciji juna ba.

Maganar giris, kar ka labta sabo kan tsoho, musamman da hunturu, kura in ta cakude da giris ci take kamar samfefa. Kashe wuta tukuna, ka wanke da buroshi da kalanzir, sannan ka shafa kadan.

Aikin gida: finiyon mai hakora 20, modul 2, milimita nawa zai tura rak a juyi daya?